Hannun Hagun Malam Firmin

Duk unguwar Marais an san mijina da abu biyu: iya kiɗan hafsikod, wato abin kiɗan nan mai madannai da tsirkiyoyi, da kuma taurin kai. Na farkon shi ya ciyar da mu, na biyun kuwa ni na sha shi, tun gashina yana baƙi har ya yi fari fat. Sunansa Firmin Rosset, ni kuma Perrine. Muna zaune a 'yan ɗakuna biyu can ƙarƙashin rufin gidan Madam Salbert, matar wani marigayi alƙali. Ni ke gyara mata leshi da zannuwan gado, shi kuma yana yi mata kiɗa.

Kowace Alhamis da yamma manyan gari sukan taru a babban falonta. A sha kofi, a ci naman waɗanda ba su zo ba, sannan Madam ta tafa hannu, kowa ya yi tsit, Firmin ya gyara wutsiyar rigarsa ya zauna. Wannan zaman shi ne duk abin da ya mallaka a duniya. Allah bai ba mu haihuwa ba, ba mu da gida, ba mu da gona. In aka cire masa Alhamis, abin da zai rage tsoho ne mai tari a saman bene, kuma shi ma ya san haka.

Hafsikod ɗin Madam ya girmi Madam ɗin kanta. Dogo ne, kore, an zana makiyaya da tumaki a cikin murfinsa, ga jerin madannai biyu, na sama da na ƙasa. In ka danna madanni, wani siririn katako ne ke tashi a ciki, da ɗan harshe na gashin hankaka a jikinsa, ya ja tsirkiya ya saki. Shi ke nan aikin. Ka danna da ƙarfin mahauci ko da ƙarfin jinjiri, sautin ɗaya ne, don ba yatsanka ke yin sautin ba, gashin hankaka ne. Firmin yakan ce wa ɗalibansa a nan darajar abin take. Tun da ba ka iya yi masa tsawa, dole ka koyi lallashi, ka san inda za ka ɗan jinkirta da inda za ka bar shi ya numfasa. In kuwa kana son amo ya ƙaru, sai ka sa hannu biyu ka tura jerin sama ciki, ya haɗe da na ƙasa, tsirkiyoyi su riƙa amsawa bibbiyu.

Akwai dai abin da bai taɓa gaya wa ɗaliban ba. A hunturun nan da kogin Seine ya daskare, ya tashi da safe ya ɗauki kofin madara da hannun hagu, kofin ya zame ya fashe. Na buɗe baki ke nan zan wanke shi tas, sai na ga fuskarsa. Bakinsa ya ɗan karkace, hannun kuma yana reto kamar ba nasa ba. Bakin ya koma daidai, hannun ma daga baya ya dawo, amma ban da yatsu biyu, ɗan ƙaramin da na kusa da shi. Suna motsi, suna zuwa inda ya aike su, ba sa makara. Ƙarfi ne kawai babu. Ko maɓallin riga ba sa iya riƙewa.

Mu uku muka sani: ni, shi, da Barnabé. Barnabé shi ne mai gyaran kayan kiɗa a titin Saint-Antoine, abokin Firmin tun suna samari, gajere mai tumbi, wanda ko cin abinci ba ya hana shi surutu. Ya zo ya wuni a falo, ya bi harsunan ɓangaren hagu ɗaya bayan ɗaya yana feƙe su da 'yar wuƙarsa, har suka yi laushin da ko ƙuda ya sauka a kan madanni sai ya yi kiɗa. Sannan ya bi sauran ya daidaita su da waɗannan.

"Zo ka gwada mu ji, tsohon banza," in ji Barnabé.

Firmin ya zauna ya gwada. Ina bakin ƙofa na kasa kunne iya kasawata, ban iya bambance yatsa mai lafiya da maras lafiya ba.

"To ka gani?" in ji Barnabé yana goge wuƙarsa a cinya. "Hankaka ya rufa maka asiri. Daga yau in ka haɗu da hankaka a hanya, ka cire masa hula ka gaishe shi."

Haka muka yi shekaru, babu wanda ya sani. Har mantawa nake yi, sai in na zo ɓalla masa maɓallin hannun riga.

Ranar da abin ya soma lalacewa, ina tsakar gida ina shanya zannuwa sai ga wasu ƙarti sun shigo da akwati daga London, suna nishi suna zagin matakala. Da aka kwance sai ga wani abu mai kusurwa huɗu, ba zane ba ado, jerin madannai ɗaya tak. Na ɗauka teburin guga ne. Madam ta aika a kira Firmin, ni ma na biyo shi, don ba a yin abu a gidan nan ban gani ba.

"Malam Firmin, zo ka gaida baƙona," in ji Madam, fuskarta kamar ta yarinya. "Piyano ne."

Firmin ya ɗaga murfin ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe.

"Ranki ya daɗe, wannan ai na maƙera ne. Gudumomi ne fa a ciki, an dai lulluɓe musu kai da fata. A kai shi kicin a riƙa daka tafarnuwa."

Madam ta yi dariya. "Kai dai ba ka rabo da tsiya. Wannan yana yin ƙasa-ƙasa, yana yin sama-sama, yadda yatsa ya so. Na ji irinsa a gidan ƙanwata har sai da na yi hawaye. Alhamis ta sama shi za ka kaɗa mana."

"Hafsikod ɗin fa?"

"Malam, ka dubi kujerun nan. Rabin mutanena sun koma gidan ƙanwata, saboda tana da piyano da wani Bajamushe mai kaɗa shi. Ba zan zauna ina zuba wa kujeru kofi ba. In ba ka so, ka faɗa mini in aika a kira Bajamushen. Amma ni kai na fi so, ka sani."

Ba muguwa ba ce Madam, kada ku ɗauka haka. Mace ce da ke tsoron falo babu kowa, kuma ban ga laifinta a nan ba.

Muna hawa bene Firmin yana ta zuba wa piyano zagi, don masu aikin gida su ji. Kowa ya ce girman kai ne irin nasa. Ni kuwa magana ɗaya ce ke yawo a kaina, wadda Madam ta faɗa tana murna: yadda yatsa ya so.

Ran Lahadi da safe da gidan ya watse zuwa coci, muka lallaɓa falo. Na tsaya gadin ƙofa, ya zauna gaban abin yana ɓata rai kamar an ba shi magani. Ya fara da hannun dama. Ya taɓa a hankali, sautin ya fito a hankali. Ya ƙara nauyi, sautin ya ƙaru. Ya sake komawa ƙasa, ƙasa, har sai da na matso don in ji. Na ga ɓacin ran nan yana saki daga fuskarsa. Ya bi wata tsohuwar waƙa da na ji shi yana kaɗawa tun muna amarci, amma ban taɓa jin ta haka ba. Ta taso kamar mutum zai yi kuka, ta kuma kwanta.

Ya ɗaga hannu daga madannan.

"Perrine," ya ce, bai juyo ba, "abin nan yana da kyau."

"Ba kai ka ce a kai shi kicin ba?"

"Yana da kyau, na ce miki. Duk abin da na yi shekaru ina yi wa wancan dabara don ya yi kamar ya yi, wannan yi yake kai tsaye. Da ya zo ina da ƙuruciyata..."

Bai ƙarasa ba. Ya ɗora hannun hagu. Yatsu uku suka sauka da amo, biyu suka sauka da ɗan raɗa. Ya sake, haka. Ya sake, haka dai. Duk inda waƙar ta bi ta kan yatsun nan biyu sai ta faɗa rami ta fito. In kun taɓa jin tafiyar mai ɗingishi a kan katakon bene, to ita ce.

"Kin ji?"

"Ni ban ji komai ba."

"Ƙarya kike. Ke da kike jin buɗe kwalba daga tsakar gida?"

Na daina musu. Na ce a kira Barnabé.

Barnabé ya zo washegari, Madam ba ta nan. Ya cusa kai cikin piyano, ya ɗaga wannan, ya taɓa wancan, kuma karon farko a saninmu da shi ya yi aiki bakinsa a rufe.

"To?" in ji Firmin. "Feƙe abin da za ka feƙe mana."

"In feƙe me, mutumina? Babu harshe a nan. Yatsa ke jefa guduma, guduma ta bugi tsirkiya. Ka jefa da ƙarfi ta yi ƙara, ka jefa da sanyi ta yi sanyi. Zan iya sassauta maka madannin ya riƙa sauka da sauƙi, amma ƙarar ba ni ke da ita ba. Wancan," ya nuna hafsikod da haɓa, "mai rufin asiri ne. Wannan kuwa ɗan gulma ne, abin da yatsa ya gaya masa shi yake kai wa jama'a."

"Wato ka tsufa ka daina iya aiki."

"Na tsufa, amma ba ni kaɗai ba."

Da Barnabé zai tafi ya tsaya gaban koren hafsikod ɗin yana sosa ƙeya, ya shafa gefensa tun daga madannai har wutsiya. Na ce masa lafiya? Ya ce lafiya lau, Madam ce ta ce ya jira ta, tana da magana da shi. Ban kawo komai a raina ba.

A sama, muna shan miyar kabeji, na ce wa Firmin, "Maigida, ka gaya wa Madam gaskiya. Ta san ka tun tana amarya a gidan nan."

"In gaya mata me? Ta bar ni a kujerar don tausayi? Su riƙa kallon hannuna maimakon su saurari kiɗa, in na gama su tafa mini kamar ana miƙa sadaka a ƙofar coci?"

"To me za ka yi? Ka haifo sababbin yatsu kafin Alhamis?"

Ya tsoma burodi a miya, ya bar shi har ya narke. Can ya ce, "Tun da biyun ba za su hau su sami sauran ba, sauran za su sauko su same su."

Dabararsa ke nan. Zai kaɗa komai ƙasa-ƙasa, ya rage wa yatsu masu lafiya ƙarfi har su yi daidai da marasa lafiyar, yadda ba wanda zai ji rami. Duk sa'ad da Madam ta fita ziyara sai ya sauka ya yi ta yi. Aiki ne na wahala, don hannun da ya saba da gudu ba ya son a riƙe masa linzami. Yakan hawo gumi sharkaf, kamar wanda ya yi faskare. Na ce masa tun da na aure shi wannan ne karon farko da na ga ya sauko don ya daidaita da wani. Bai yi dariya ba. Amma kafin Laraba, na rantse muku, na tsaya bakin ƙofa ban ji ɗingishi ba.

Alhamis falo ya cika har ana ɗauko kujeru daga ɗakin cin abinci. Waɗanda suka gudu gidan ƙanwar Madam duk sun dawo ganin sabon abu, da hodarsu da turarensu. Ni ina gefe ina taya zuba kofi, idona yana kan Firmin har na ɗiga wa wata mata a siket. Madam ta zauna kusa da piyano, ta ɓangaren hagu. Ta tafa hannu.

Firmin ya fara da waƙar nan ta amarcinmu, a hankali, ƙasa-ƙasa. Masu raɗa suka daina raɗa don su ji. Masu juya cokali suka ajiye cokali. Duk falon ya karkato gaba, ba ka jin komai sai kiɗan da ƙarar keken doki can a titi. Bai taɓa kiɗa haka ba, kuma ni na fi kowa sani. Da ya gama, tafi ya ɓarke. Na ga Madam tana share ido. Na ce a raina, Allah na gode maka, mun tsallake. Har na fara tunanin in sayo masa ƙafar rago gobe.

Sai Kanar Maubec ya yi magana. Tsohon soja ne da igwa ta cinye wa kunne, ba ya fashin Alhamis saboda kek ɗin Madam, kuma ba ya magana sai da ihu.

"Madam! An fara ne ko ba a fara ba? Ni fa ban ji komai ba! An ce mini abin nan yana tsawa, ga shi na ga mutum yana shafa shi kamar mage!"

Aka kwashe da dariya. Madam ma tana dariya ta ce, "Gaskiyar Kanar. Malam, mun ji sanyinsa, saura zafinsa. Yi mana waƙar farautar nan da kake rufe taro da ita. Ka sake masa murya."

Ta farauta! Duk cikin waƙoƙinsa babu wadda ta dogara da hannun hagu kamarta, don hannun hagu ne dawakai, tun daga farko har ƙarshe suna sukuwa. Na ƙura masa ido ina roƙonsa a zuci. Shekaru nawa na yi ina fama da taurin kansa, yau ga ranar da zai yi mana amfani. Fatana dai ya ce ya gaji. Ko ya ce shi ba makaɗin kurame ba ne. Ko ya faɗi duk rashin kunyar da ya ga dama, ai an saba. Amma tafin nan ya riga ya hau masa kai, idonsa yana ƙyalli kamar na saurayi.

"An gama, ranki ya daɗe," ya ce.

Ya gyara zama. Sai hannayensa biyu suka tashi da kansu, kamar yadda suka saba yi kowace Alhamis kafin waƙar farauta, suka miƙa don su tura jerin sama ciki. Babu jerin sama. Tafukansa suka daki allon katako, takardun waƙa suka zame suka watse a ƙasa.

Aka sake dariya, ba ta mugunta ba.

"Me yake nema a can?" in ji Kanar. "Kwalba ya ɓoye?"

Firmin bai ji shi ba. Yana kallon hannayensa a jikin allon. Ina jin sai a lokacin ya tuna cewa a nan babu abin turawa, babu tsirkiya ta biyu da za ta kawo masa gudummawa, duk ƙarar da za ta fito daga yatsunsa za ta fito. Wani ya tsince takardun ya miƙa masa. Ya karɓa ya yi godiya, ya jera su. Har a nan yana da damar tashi. Bai tashi ba.

Hannun dama ya busa ƙahon farauta, ƙarar ta cika falo har gilashin taga ya amsa. Sai dawakai suka fito. Kofato uku a ƙasa, sauran babu. Uku a ƙasa, sauran babu. Ya ƙara ƙarfi don ya cike gurbin, amma ƙarfin ga masu lafiya yake tafiya, sai ramin ya ƙara zurfi. Wata mata ta ƙyalƙyale, ta ɗauka da gangan yake kwaikwayon gurgun doki, ta waiga ta ga ba wanda ya taya ta, ta rufe baki da mafici. Madam kuwa ta daina kallon fuskarsa. Hannun take kallo, ga shi dab da ita, ɗan ƙaramin yatsan yana sauka a kan madanni yana lanƙwashewa.

Bai tsaya ba. Ya ja gurgun dokin nan har ƙarshen waƙar, bai tsallake ko layi ɗaya ba. Ni kuma ina riƙe da butar kofi, na kasa ajiyewa, na kasa fita.

Aka yi tafi. Irin tafin da ya faɗa mini ne a kan miyar kabeji, mai taushi, kowa yana kallon takalminsa. Kanar kaɗai ya tafa da zuciya ɗaya.

"Yauwa! Yanzu na ji kiɗa!"

Baƙi suka watse da wuri. Ya rage mu uku a falo, ni ina tattara kofuna ina jan aikin.

"Tun yaushe, Malam?" in ji Madam.

"Tun hunturun da kogi ya daskare, ranki ya daɗe."

"Duk shekarun nan? Kuma ba ka faɗa mini ba?"

"Kin taɓa jin wani aibi a kiɗan?"

"Ban taɓa ba."

"To me zan faɗa?"

Ta kama hannun nasa ta riƙe, hawaye na zuba. Ta ce ɗakunanmu namu ne har ƙarshen rayuwa, itacen wuta da abinci ba za su yanke ba, kada mu sa komai a rai.

"Ba ɗaki nake roƙo ba, ranki ya daɗe," in ji Firmin. "Ki kira Bajamushen, ya iya, na sani. Ya yi duk taron a kan wannan. Ni dai ki bar mini waƙa ɗaya a farko, a kan wancan. Ɗaya tak, ko kafin mutane su gama zama. A kansa ba ni da aibi. Kin ji da kunnenki."

Ban taɓa ganin mijina yana roƙo ba sai ranar. Da na san zan gani, da na fita da kofunan tun da wuri.

Madam ta saki hannunsa ta kalli taga. "Barnabé bai gaya maka ba?"

"Me?"

Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗa. Wai sabon piyano ya yi wa falon ƙanƙanta, ga shi ba kyan gani. Koren kuwa ga girma ga zane, ga katako mai murya. Yanzu abin da ake yi a manyan gidaje ke nan, a kwashe kayan cikin tsohon a sa masa gudumomi, ya koma piyano. Ta riga ta yi magana da Barnabé tun ran Litinin.

"Amma bari in yi tunani, Malam," ta ce. "Zan yi tunani."

Duk wanda ya yi wa masu hali aiki ya san ma'anar wannan. Bajamushen ya zo Alhamis ta gaba, falo ya cika, ya ƙwanƙwasa koren katakon da yatsa ya yaba. Ba a daɗe ba ƙartin nan suka dawo, suka fitar da hafsikod ɗin a kwance, suna zagin matakala.

Ban gaya wa Firmin ba na ɗauki mayafina na nufi titin Saint-Antoine. Na sami Barnabé a shago, ga koren a kan benci an buɗe cikinsa.

"Sannu da aiki, mahauci," na ce. "Abokinka ne a kan bencin nan, ka sani ko? Ka yi masa fiɗa a hankali."

"Perrine, zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kai da hannunka ka feƙe masa shi. Kai kaɗai ka san abin da yake a wurinsa. Kuma ka tsaya a gabanmu kana shafa shi kana ce mini lafiya lau!"

"Zage ni, na cancanta." Ya zauna a kan wani akwati, duk tumbin nan ya zube. "Amma ki duba shagon nan. Tun bara ba wanda ya kawo mini hafsikod ya ce a sa masa sabon gashi. Duk wanda ya kawo, cewa yake a cire. Matar da ke kawo mini gashin hankaka daga ƙauye ma na ce ta daina wahala. In na ƙi aikin nan, mai gyaran da ke ƙarshen titi zai karɓa, kuma shi sai ya tsaga katakon."

"Ka nemo masa wani ka feƙe."

"Zan iya. Akwai su a bayan shago kamar itacen wuta. Ya hau da shi ina, ta matakalar nan taku? Kuma ya kaɗa wa wa?"

Na so in ci gaba da zaginsa, amma zagin ya ƙare mini. Ya jawo wani kwando cike da siraran katakan nan masu harshe, ya ɗauko wani ƙunshi da ya ɗaure daban da zare.

"Na ɓangaren hagu ne. Na ware su. Ban san ko zai so ba."

Na kawo su gida a cikin mayafi. Firmin ya zaro ɗaya ya ɗaga wajen taga, ya shafa ɗan harshen da babban yatsa. Ya ce, "Tsinannen ya iya aiki." Ya mayar ya ce in ajiye inda ba zai riƙa gani ba. Suna ƙarƙashin gado har yau.

Koren ya dawo gidan kafin sanyi ya shigo, makiyayansa da tumakinsa suna nan yadda suke. Madam ta cika alkawari, itace da abinci ba su yanke ba. Takan aiko a ce Malam ya sauko ran Alhamis ya zauna cikin baƙi, an ajiye masa kujera mai laushi kusa da murhu. Bai taɓa sauka ba. Ɗalibai ma sun janye ɗaya bayan ɗaya, don iyayensu piyano suke so a koya musu.

Sai dai gidan nan bututun hayaƙinsa ɗaya ne daga falo har ɗakinmu, kuma duk abin da aka kaɗa a ƙasa yana hawowa. Bajamushen ya iya, ba zan yi masa ƙarya ba, ko da yake na so a ce bai iya ba. Ran da muka fara jinsa a kan koren, Firmin ya karkata kai ya daɗe yana saurare.

"Muryarsa ce," ya ce. "Katakonsa ne. An dai koya masa ihu."

Tun daga nan, kowace Alhamis da yamma yakan sa in ɓalla masa maɓallan hannun riga. Ya jawo kujera gaban teburin cin abincinmu, ya kawar da burodi gefe, ya gyara wutsiyar rigarsa ya zauna. In an fara a ƙasa sai ya ɗora hannu biyu a kan tebur ya bi. Nakan ajiye ɗinkina in kalli hannun hagun. Yatsu biyar ɗin duka suna sauka inda ya kamata, babu wanda ya makara, kuma tebur ba ya faɗin wanda ya fi wani ƙarfi. In tafi ya hawo ta bututun, sai ya ɗauke hannayensa ya ɗora a cinya, ya sunkuyar da kai kaɗan, ya jira a gama.